Yadda Na Bar Shimfiɗar Ɗori Na Tafi Gyaran Saba

Edita, ina yi maka sallama tare da duk masu bibiyar wannan fili. Na daɗe ina karanta abin da mutane ke aiko muku, na ga yawanci labarin aure ne ko na kasuwa. Nawa na aiki ne. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin duk waɗanda za su fito a ciki babu wanda ya nufe ni da sharri.

Ni mutumin Maiyama ne, gidanmu gidan noma, gero da damina, albasa da rani. Jiharmu ta Kebbi tana ɗanya shar na gama sakandare, daga nan na tafi Sakkwato na karanci kwamfuta, a lokacin da in ka ce kwamfuta a ƙauyenmu sai a tambaye ka ko ita ce talabijin mai rubutu. Na dawo gida daidai lokacin da wayar salula ta fara shiga hannun mutane. Ban kai shekara talatin ba, na yi sabon aure, na kama haya a Jega Sabon Gari, na kuma sami aiki a wani ƙaramin kamfani mai zaman kansa. Maigidana ɗan kasuwa ne mai son sabon abu. Ya kafa farantin setilayit a bayan shago, ya zuba kwamfutoci a gaba mutane na zuwa shiga intanet, sannan ya karɓi aikin riƙe wa wata kwalejin koyon aikin jinya mai zaman kanta shafinta, inda ɗalibai ke yin rajistar jarrabawa. A wancan lokacin ina jin kaina ƙwarai. Ina da babur, ina da waya, in na je gida dattawa na kirana injiniya, ni kuwa ban taɓa gyara musu ba.

Shafin kwalejin yana zaune ne a kan wasu manyan kwamfutoci guda biyu da ke wani ɗan ɗaki a ƙuryar shagon. Mu a bakin aiki saba muke ce musu. Ɗaya ce ke ɗauke da shafin, ɗayar tana zaune tana saurarenta ta wata waya da ta haɗa su. In ta farkon ta mutu ko ta yi shiru, sai ta biyun ta karɓi aikin nan take, mai buɗe shafi bai ma san an yi canji ba. Rumbun ajiyarsu ɗaya ne, a nan bayanan ɗalibai suke. Akwai kuma wata manhaja mai gadi da ke lura da su duka biyu, ita ke yanke wadda za ta ɗauki aiki. Wani injiniya ne daga kudu ya zo ya haɗa su, ya koya mini abin da ya sawwaƙa, ya koma. Tun daga nan ɗakin ya zama nawa. Makulli a aljihuna, kalmar sirri a kaina. Ina da abokin aiki wanda ya girme ni, gwani wajen kafa faranti da jan waya, ya sha cewa in nuna masa yadda ake tayar da shafin ko don wata rana. Kullum sai in ce masa sai an sami sarari.

Da bazara ne, lokacin kwasar albasa, wata makaranta a Aliero ta kira cewa layinsu ya yanke. Na hau babur na je na gyara. A hanyar dawowa ina bin bayan wata babbar mota da aka yi wa lodin albasa har ya wuce kai, sai igiya ta tsinke, buhu ya faɗo tsakiyar titi. Na kauce wa buhun, tayar gaba ta hau kan albasar da ta watse, babur ya kwashe ni ya kuma faɗo a kan ƙafata ta dama. Ban suma ba. Ina kallon ƙwaurina ya lanƙwashe a inda babu gaɓa. Mutanen da suka taru ba su ma yi shawara da ni ba, suka ɗauke ni zuwa gidan wani mai ɗori a cikin gari, don kowa ya san Aliero da wannan sana'a, har daga ƙasashen maƙwabta ana kawo musu masu karaya.

Mai ɗorin dattijo ne marar yawan magana. Ya shafa ƙafar, ya ce ƙasusuwan ƙwauri biyu ne suka karye. Aka danne ni, ya ja, ya daidaita, ya jera karare ya ɗaure. Sannan ya ba ni ɗaki a cikin jerin ɗakunan majinyata, ya ce ƙafar nan ba za ta motsa daga inda ya ajiye ta ba sai ranar da shi ya ce. Matata tana da tsohon ciki, ba ta iya jinya, saboda haka mahaifiyata ce ta taho daga Maiyama da tabarmarta da 'yar tukunyarta ta tare a gefena. Kwanakin farko ba abin da na sani sai zafi. Daga baya kumburi ya fara saɓewa, dattijon ya duba ya ce alhamdu lillahi, ƙashi ya fara neman ɗan'uwansa.

A cikin wannan hali ne abokin aikina ya kira ni wata safiya ya ce shafin kwaleji ya mutu. An ɗauke wuta, janareto ya yi jinkirin tashi, batirin da ke riƙe su ya ƙare, sabobin biyu suka mutu tare. Da wuta ta dawo sun tashi lafiya, yana hango fitilunsu na ci ta kafar ƙofa, amma shafin ba ya buɗewa. Kuma makon nan ne na ƙarshe na rajistar jarrabawar fita. Hukumar da ke kula da irin waɗannan kwalejoji ta sa ranar rufewa, wanda bai yi rajista ba sai ya jira baɗi.

Na sa aka kai masa makulli, na faɗa masa kalmar sirri, muka fara aiki ta waya. A ɗakin da nake kwance babu sabis sai a saitin taga. Inna ce ke tsayawa ta ɗaga wayar sama, ni ina kwance ina ɗaga murya, majinyatan maƙwabta suna jin duk abin da muke yi. Na fara zargin wayar da ta haɗa sabobin, na ce ya zare ta ya mayar, ya kuma canza wata. Ba ita ba ce. Na ce ya kashe su ya kunna ɗaya bayan ɗaya. Shafin ya tashi a ta farko, ya yi ɗan lokaci, ya faɗi. Mai gadi ta mayar da shi ta biyu, ya tashi, ya sake faɗi. Haka ya riƙa tsalle tsakaninsu har daga ƙarshe dukansu suka ƙi karɓarsa. Ina faɗa masa umarnin da zai rubuta harafi bayan harafi, shi kuma yana karanto mini abin da ya fito, layi na yankewa a tsakiyar kalma. In na ce ya bar fili sai ya sa ɗigo, in ya karanto saƙo sai rabinsa ya ɓace. Ba laifinsa ba ne, ranar ce ya fara zama a gaban abin. Muka yini a haka, hannun Inna ya gaji, ta riƙa canzawa daga dama zuwa hagu, ba mu gano komai ba.

Abokin aikin nawa ne ya kawo shawarar a kira wani abokin karatuna da ke aiki irin wannan a Sakkwato. Mun tuntuɓe shi, ya ce zai iya zuwa, amma sai ƙarshen mako in ya tashi daga wurin aikinsa, wato ana gobe rufewa. Na ce wa maigidana wannan ganganci ne, mutumin bai san yadda aka haɗa namu ba, in ya zo ya kasa babu sauran lokaci. Akwai gaskiya a maganar. Amma akwai kuma wani abu a ƙasanta da ban faɗa ba: ba na son wani ya shiga ɗakin nan ya gyara abin da ni ake jira in gyara.

Washegari maigidana ya zo Aliero tare da shugaban kwalejin. Sun yi mini sannu, sun gaida Inna da ladabi, sun zauna a bakin tabarma. Ba wanda ya ba ni umarni. Shugaban ya ba da labarin ɗaliban da ke yini a gindin bishiyar ƙofar shago, wasu daga Mungadi, wasu daga ƙauyukan da ke bayan Maiyama, suna zuwa da safe suna komawa da yamma ba su yi komai ba. Ya ce akwai waɗanda in suka rasa wannan shekarar ba za su sake dawowa ba. Maigidana ya ce yana da a-kori-kura, za a shimfiɗa katifa a baya, direba zai tafi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, in duba abin da idona, kafin la'asar an dawo da ni. Ya ƙara da cewa sai dai in ni na ga zan iya, ba dole.

Aka kira mai ɗori aka gaya masa. Ya saurara har suka gama, bai dube su ba, ni ya duba.

"Ƙashin ga bai kama ba tukuna," in ji shi. "Ni ba ni ɗaure mutum da igiya. In ka tahi, da ƙahwakka kaka wasa, ba da tawa ba."

Ya tashi ya koma wurin sauran majinyatansa. Baƙin suka fita waje don su ba mu wuri. Inna ta ce ba ta yarda ba. Na yi mata bayani mai tsawo a kan ɗalibai, da amana, da yadda aikin ba zai wuce ɗan lokaci ba. Ta ce ita ba ta san kwamfuta ba, amma ta san akwai masu kwamfuta da yawa a duniya, ƙafata kuwa biyu ce tak. Na ci gaba da magana har ta daina amsawa. Da ta ga na aika a kira direba, sai ta ɗauki mayafinta.

"Tunda ka ƙi ji, ɗan ga, ni ka riƙe ta," in ji ta.

Haka aka yi. Aka ɗauke ni da katifar aka sa a bayan mota, ta hau ta zauna, ta ɗora ƙafar a kan cinyarta ta rungume ta da hannu biyu. Tsakanin Aliero da Jega ba nisa, a babur kafin ka gama tunani ka iso, amma ran nan hanyar ta yi mini tsawo. Direban ya yi iya ƙoƙarinsa. Duk da haka kowane rami sai na ji shi har cikin haƙorana. Rana tana dukanmu, warin albasar da ke shanye a bakin hanya yana shiga hanci, leɓɓan Inna na ta motsi da addu'a.

Abin da babu wanda ya tuna a cikinmu, har ni da na fi kowa sanin wurin, shi ne ƙofar ɗakin sabobin. Ƙarama ce, kuma a lungu take. Katifa ba ta shiga. Na ce a fito da allon kwamfutar waje, aka tarar wayarsa gajera ce, ba ta kaiwa, wata doguwar kuma babu. Ɗalibai sun cika shagon suna kallo, wasu na yi mini sannu, wasu na cewa Allah ya kawo mai gyara. Sai na ce a ɗauke ni da hannu. Maza biyu suka tallabe ni, Inna tana riƙe da ƙafar, aka karkata don a shiga lungun. A nan dugadugina ya bugi katakon ƙofa. Ba bugu mai ƙarfi ba ne. Na ji wani abu ya goce a cikin ɗaurin, da ɗan sauti kamar an taka busasshen kara. Gumi ya keto mini, idona ya yi duhu na ɗan lokaci. Inna ta dube ni, na ce mata ba komai. Aka zaunar da ni a kujera, aka ɗora ƙafar a kan kwali.

Da na zauna a gaban allon, ban daɗe ba na ga matsalar. Rumbun ajiyar nan da sabobin ke tarayya a kai ya cika maƙil. A shekarar ce kwalejin ta fara neman kowane ɗalibi ya sa hotonsa, masu shagunan hoto kuwa manya-manyan hotuna suke ba su, ba wanda ya rage musu nauyi. Rumbun yana dab da cika tun kafin a ɗauke wuta. Shafin in zai tashi sai ya sami ɗan wurin da zai yi rubutu, da ya nema ya rasa sai ya faɗi, ko a wace saba aka kai shi, tunda rumbun ɗaya ne. Ita kuma mai gadi, da ta ga ya faɗi sau da yawa, sai ta hana shi tashi a ko'ina har sai mutum ya zo ya ce mata an gyara. Sabobin lafiyarsu lau, wayarsu ma lafiya lau. Abu ne da duk wanda ya san aikin zai duba tun farko. Ni ma da ina cikin hayyacina, ba zafin karaya a kaina, da shi zan fara sa abokin aikina ya duba ta waya.

Na kwashe hotunan waɗanda suka riga suka yi rajista zuwa wani rumbu, na share tarkacen da ya taru, na goge wa mai gadi tarihin faɗuwar, na tayar da shafin. Ya tsaya. Na kashe ta farko da gangan don gwaji, ta biyu ta karɓa, na mayar. Daga cikin shagon na jiyo hayaniya, ɗalibai sun fara rububin kujeru. Shugaban kwalejin ya leƙo ya yi ta sa mini albarka. Ni kuwa a lokacin yatsun ƙafata sun kumbura sun yi baƙi, kuma na daina iya jin su sosai.

Mun koma Aliero kafin magariba. Mai ɗori ya kwance karare, ya bi ƙwaurin da yatsunsa, ya daɗe a wuri ɗaya. Bai yi faɗa ba. Ya ce ƙashi ya goce, ɗan kamun da ya fara ya rabu, kuma bakin ƙashin ya ji wa nama ciwo daga ciki. Aka sake danne ni, ya sake ja. Wannan ja na biyu ya fi karayar kanta zafi, ba ni da kalmar da zan kwatanta shi. Ya ɗaure, ya ce zai yi abin da zai iya, sauran na Allah ne.

Kwanaki kaɗan bayan haka, ina kwance da zazzaɓi, wani majinyaci ya kunna rediyo. A cikin sanarwa aka ce hukumar ta ƙara wa'adin rajista, saboda kwalejoji da dama a wasu jihohi sun kai kukan matsalar intanet. Inna ma ta ji, ta kuma gane. Ta ci gaba da dama furar da take damawa.

Ƙafar ba ta koma daidai ba. Wurin ya yi ruwa, ya fashe, dattijon da kansa ya ce a kai ni asibiti. Na yi watanni tsakanin gadon asibiti da gida. An haifi ɗana na fari ina kwance, a kan gado aka kawo mini shi, ban halarci sunansa ba. Likitoci sun ceci ƙafar daga yankewa, amma ƙashin ya haɗe a karkace, kuma ta fi ɗayar gajarta. Maigidana bai yar da ni ba, ya yi ta zuwa dubiya, ya tsaya mini a kan magani, wannan kam zan shaide shi ko a gaban Allah. Sai dai aiki ba ya jira. Abokin nan nawa na Sakkwato shi aka riƙa kira a ƙarshen mako, ya fahimci haɗin namu a zama ɗaya, ya kuma koya wa abokin aikina duk abin da ake bukata cikin ɗan lokaci. Da na dawo da sandata na tarar komai na tafiya. Ba a daɗe ba kwalejin ta mayar da shafinta hannun wani babban kamfani a wata ƙasa, aka kashe sabobin biyu, aka tura su ƙarƙashin tebur, ana ɗora musu kwanon abinci.

Yanzu ina koyar da kwamfuta a wata makaranta, ina kuma ɗan gyare-gyare a gida. Ba na iya tayar da babur da ƙafa, ba na iya sunkuyon dashen albasa, gonar da mahaifinmu ya bari ƙannena ke nomawa. A masallaci kujera ake ajiye mini a ƙarshen sahu, tare da tsofaffi sa'annin mahaifina. In sanyi ya sauka ko hadari ya haɗu, ƙwaurin ke fara sanar da ni. Inna ta rasu shekarun baya. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa ce mini ai na gaya maka ba, ko sau ɗaya. Sai dai na lura duk lokacin da na je gaishe ta, in na tashi tafiya ba ta raka ni da ido kamar yadda take yi wa sauran. Takan duƙar da kai har sai na fita zaure.

Na karɓi abin da ya same ni a matsayin ƙaddara, ba na kuma riƙe kowa a zuciya. Amma ƙaddara ba ta hana mutum ya duba inda ya sa hannunsa. Buhun da ya faɗo ba ni na jefo shi ba, karayar farko ba ni da ta cewa a kanta. Ta biyun kuwa da bakina na ce a kira direba. Na ɗauka in ba ni ba aikin ba zai yiwu ba, kuma na ji daɗin ɗaukar hakan, shi ya sa ban koya wa kowa ba, shi ya sa kuma na ƙi a jira wani.

Saboda haka ina kira ga matasa masu irin aikinmu, da ma kowane mai sana'a da ake bugo wa waya a ce komai ya tsaya sai ya zo. Abin da ka sani ka koya wa na kusa da kai tun kana da lafiya. In mai magani ya ce ka kwanta, ka kwanta, ko wa ya zo ya zauna a bakin tabarmarka, ko da wane irin ladabi ya zo. In mahaifiyarka ta ce a'a, kada ka yi ta jero mata hujjoji har ta yi shiru, domin shirun nan ba yarda ba ne. Ranar rufewa mutane ne suka sa ta, su ne kuma ke ɗaga ta in sun ga dama. Na'ura in ta faɗi ana kashe ta a sake kunnawa sau nawa aka so. Ni an sake ɗaure tawa ƙafar sau ɗaya kawai, kuma da abin da ya fito daga wannan ɗaurin nake tafiya har yau.